Dim Sum a Rukunin Shaguna: Zaman Shayin Mutanen Kanton

Dim sum suna ne da ya haɗa ƙananan abinci iri-iri waɗanda mutanen Kanton suke ci da shayi daga sassafe har zuwa bayan azahar. Mutanen Kanton su ne mazauna bakin kogin Lu'ulu'u a kudancin ƙasar Sin, wato birnin Guangzhou da kewayensa a lardin Guangdong, da Hong Kong, da Makawo, sai kuma zuriyarsu da ta bazu a duniya. Ana kawo abincin guda uku ko huɗu a ƙaramin faranti ko a kwandon gora mai murfi, a ajiye tsakiyar tebur, kowa ya ɗauka. Su masu abin cewa suke za su yum cha, wato shan shayi, domin shayi ne tushen zaman, abinci daga baya ya shigo. A Hong Kong ta yau da manyan biranen Guangdong, iyalai da yawa idan sun fito wannan zama rukunin shaguna suke nufa. Su hau matakalar lantarki, su wuce shagunan tufafi da na waya, su isa wani makeken zaure a hawan sama mai cike da tebura zagayayyu.

Asalin al'adar yana Guangzhou. Daga 1757 zuwa 1842 wannan birni ne kaɗai tashar ruwan da daular Qing ta yarda Turawan yamma su yi ciniki a cikinta, saboda haka dukiyar shayi da siliki da tangaran ta taru a can, tare da 'yan dako da dillalai da masu jiragen ruwa. A tsakiyar ƙarni na 19 akwai rumfunan shayi masu araha inda lebura kan zauna a benci ya sha shayi ya ci ɗan abin da zai riƙe masa ciki. Attajirai su ma suka samu nasu, gidaje masu bene da ake kira cha lau, inda mai kuɗi ke hawa sama, marar shi ya tsaya a ƙasa. Daga wannan zamani aka gaji ma'aunin da tsofaffi ke kira yat jung leung gin, kofin shayi ɗaya da abin taɓawa guda biyu. Wasu gidajen wancan lokaci suna nan har yau, irin su Tao Tao Ju da aka kafa a 1880 da Lin Heung na 1889. Gasa tsakanin gidajen ce ta bunƙasa abincin, har ta kai a shekarun 1920 da 1930 wasu kan fito da sababbin nau'o'i kowane mako don su janye masu zuwa wajen abokan gasarsu.

Hong Kong, wadda Birtaniya ta karɓa a 1842 ta riƙe har 1997, daga Guangzhou ta gaji al'adar. Lin Heung ya buɗe reshe a can a farkon ƙarni na 20, aka kuma buɗe gidan Luk Yu a 1933, aka sa masa sunan malamin zamanin daular Tang da ya rubuta littafin farko a kan shayi. Bayan 1949, lokacin da 'yan Kwaminis suka karɓi mulkin Sin, jama'a sun kwararo Hong Kong, cikinsu har da ƙwararrun kuku. Gidan shayi ya zama ofishin ɗan kasuwa kuma majalisar dattawa. Tsofaffi kan zo da tsuntsayensu a keji su rataye kusa da taga, su buɗe jarida a shafin sukuwar dawaki. Masu rabon abinci kan zagaya da faifai rataye a wuya da ɗamara suna kiran sunan abin da suka ɗauko. A shekarun 1960 da 1970, da zaurukan suka ƙara girma, amalanken ƙarfe mai ruwan zafi a ƙasansa ya maye gurbin faifan.

Ƙarancin fili ne ya shigar da gidan shayi cikin rukunin shaguna. Hong Kong na da mutane kusan miliyan bakwai da rabi, mafi yawan ƙasarta kuwa duwatsu ne da tuddai da ba a yi gini a kansu ba. Bayan gobarar unguwar Shek Kip Mei ta ranar Kirsimeti ta 1953, wadda ta raba mutane fiye da dubu 50 da matsuguninsu, gwamnati ta shiga gina dogayen benaye masu sauƙin haya, a shekarun 1970 kuma ta raya sababbin garuruwa a bayan birni, irin su Sha Tin da Tuen Mun. Jirgin ƙasan cikin birni, MTR, ya fara aiki a 1979. Tsarin da ya fito daga nan kusan iri ɗaya ne ko'ina: tashar jirgi a ƙasa, hawa-hawan shaguna a kanta, benayen kwana a saman shagunan ko a gefensu, gadoji masu rufi sun haɗa su. Rukunin shagunan Ocean Terminal, da aka buɗe a 1966, shi ne ya share fage, New Town Plaza na 1984 kuma ya zama cibiyar garin Sha Tin baki ɗaya. Mazaunin irin wannan unguwa na iya fitowa daga ɗakinsa ya yi cefane, ya ci abinci, ya hau jirgi, bai taka kwalta ba. A garin da zafi da gumi da ruwan sama mai guguwa ke mamaye watanni da yawa na shekara, wannan babban sauƙi ne ga tsoho mai dogara sanda da uwa mai tura keken jariri.

Gidajen kwanan kuwa ƙanana ne ƙwarai. Iyali mai mutum huɗu kan zauna a ɗaki biyu da ɗan falo wanda tebur ɗaya ya cika shi, babu inda za a tara kakanni da 'ya'ya da surukai da jikoki. Zauren dim sum na unguwa shi ke ɗaukar wannan taro. Shi ya sa hatta a rukunin shagunan da hukumar gidaje ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi, galibi akan ware wa babban gidan abinci na Kanton wurinsa. A 2005 aka miƙa yawancin waɗannan shaguna ga kamfanin Link, wanda aka sa a kasuwar hannun jari. Gyare-gyare da ƙarin haya suka biyo baya, kuma mazauna sun daɗe suna kukan cewa manyan kamfanoni masu rassa sun ture ƙananan masu shago.

Mai ginin yana da nasa lissafin. Hawan ƙasa, inda jama'a suka fi wucewa, na masu sayar da agogo da zinariya da kayan kwalliya ne, waɗanda za su iya biyan haya mai tsada. Gidan abinci yana cin fili mai faɗi, don haka akan kai shi hawan sama ko can ƙuryar gini. Hakan ya yi wa mai ginin daidai, domin duk mai zuwa shan shayi sai ya ratsa gaban shaguna a hawa da sauka, mai jiran tebur kuma a cikinsu yake ɓata lokacin jiran. Shi ma gidan abincin ba da dim sum kaɗai yake tsaye ba. Da dare zauren kan koma wurin liyafa: bikin aure, walimar cikar jariri wata ɗaya, ranar haihuwar dattijo, taron ƙarshen shekara na kamfani. Mai shiga da safe zai ga alamun haka, dandamali a ƙarshen zaure, jan bango mai ɗauke da macijin almara da tsuntsun almara na Sinawa masu ruwan zinariya, waɗanda ke wakiltar ango da amarya, da akwatunan gilashi a bakin ƙofa cike da kifi da ƙaguwa masu rai. Dim sum na cika kujeru da rana, liyafar dare ce ke kawo riba mai kauri.

Zuwa shan shayi ranar Lahadi da jira yake farawa. A bakin ƙofa akwai ma'aikaciya a bayan ɗan tebur, ko na'ura mai fitar da takarda. A faɗi yawan mutane, a karɓi lamba. Layin ya kasu bisa girman tebur, na mutum biyu daban, na huɗu daban, na goma daban, allo yana nuna lambar da aka kai. Wajen tsakar rana jiran kan yi tsawo, shi ya sa iyalai kan tura mutum ɗaya, sau da yawa kaka wadda ta riga kowa tashi, ta je ta kama tebur ta zauna da jarida har sauran su iso. Wanda ya zo shi kaɗai ko su biyu ana iya tambayarsa ko ya yarda da daap toi, wato a haɗa shi da baƙi a babban tebur. Ba a ɗaukar hakan raini. Kowa da butarsa da takardar lissafinsa, kuma ba dole sai an yi hira ba. A ranakun aiki zauren safe na 'yan fansho ne, masu zuwa kullum su zauna wuri ɗaya, har ma'aikata sun san shayin kowannensu. Gidaje da yawa kan rage farashi da sassafe da kuma bayan ƙarfe biyu, bayan ma'aikatan ofis sun koma bakin aiki.

Tambayar farko da ma'aikaci zai yi, tun ba a gama zama ba, ita ce wane shayi za a sha. Wanda aka fi nema shi ne bo lei, baƙin shayin lardin Yunnan da aka bari ya tsumu har ya yi ƙamshin ƙasa, wanda a sauran sassan Sin ake kira pu'er. Mutanen Kanton sun yi imani yana narkar da maiƙo, kuma yana jure zama a buta bai yi ɗaci ba. Akwai heung pin mai ƙamshin furen yasmin, wanda baƙi suka fi sabawa da shi, da sau mei mai sauƙin ɗanɗano, da tit gun yam na lardin Fujian, da busasshen furen guk fa da akan haɗa da bo lei. Ba a sa sukari, ba a sa madara. Akan kawo buta biyu, ta shayi da ta ruwan zafi, kuɗin shayi kuma bisa kai ake lissafa shi, ko mutum ya sha ko bai sha ba. A gaskiya shayin yawancin gidajen rukunin shaguna matsakaici ne. Mai neman ganye mai daraja sai ya nufi irin su Luk Yu, ko ya zo da nasa daga gida.

Kafin a sha komai, a gidajen talakawa da na tsaka-tsaki akan wanke kayan ci. Ana ajiye babban kwano a tebur, a zuba shayin farko mai zafi a kan kofuna da cokula da tsinkayen cin abinci, a juye ruwan a kwanon. Al'adar ta taso ne a lokacin da ba a amince da wankin gidajen abinci ba, ta kuma zauna ko da yake yanzu inji ke wankewa. Wajen zuba shayi, ƙarami ke zuba wa manya, kuma mai zubawa nasa kofin ne na ƙarshe. Wanda aka zuba wa yakan lanƙwasa yatsu biyu ko uku ya ƙwanƙwasa tebur a hankali, godiyarsa ke nan. Labarin da ake bayarwa shi ne Sarki Qianlong, wanda ya yi mulki a ƙarni na 18, ya taɓa ɓad da kama ya shiga gidan shayi ya zuba wa fadawansa da hannunsa. Faɗuwa gaisuwa za ta tona asirinsa, sai suka durƙusar da yatsunsu a madadin gwiwoyi. Almara ce, amma al'adar na da amfani a fili: mutum na iya godiya bakinsa cike da abinci, bai katse maganar wani ba. Idan ruwa ya ƙare, sai a ɗaga murfin buta a jingina shi a gefe, ma'aikaci ya gani ya ƙara.

Hanyar neman abinci iri biyu ce. A tsohon tsari mata masu matsakaicin shekaru ne ke tura amalanke tsakanin tebura, sunayen abincin rataye a gabansa. A kira mai turawa da a je, wato yaya, a ce m goi, kalmar da ke aikin roƙo da godiya duka, ta buɗe murfi a gani, a zaɓa, ta buga hatimi a katin tebur. Katin na da gidaje bisa farashi: ƙarami, matsakaici, babba, na musamman, da na ƙoli. Wannan tsari ya ragu sosai, ko da yake wurare irin su Maxim's Palace na ginin City Hall a Hong Kong suna riƙe da shi. Amalanke na buƙatar hanya mai faɗi tsakanin tebura, a inda ake biyan haya kan kowane taku kuwa gara a sa wani tebur a wurin. Yana buƙatar ƙarin ma'aikata, abin da ya zagaya bai samu mai so ba kuma asara ne. Saboda haka yawancin gidajen rukunin shaguna takarda da fensir suke bayarwa, a yi alama a gaban abin da ake so, ko a yi oda ta waya. Abincin takarda ya fi zuwa da zafinsa, tun da sai an nema ake turarawa, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Abin da aka rasa shi ne zaɓe da ido, wanda ke taimakon baƙon da bai iya karatun Sinanci ba, da kuma aikin yi ga matan da ba su da wata sana'a. Odar waya kuma tsofaffi take wahalarwa, alhali su ne suka fi kowa zuwa.

Galibin dim sum turara shi ake yi. Kwandon gora mai ragar ƙasa yana aiki ne kamar madambaci: tururi ya ratso ta ƙasa ya dafa abin da ke ciki, ana kuma jera kwanduna bisa juna a kan tukunya ɗaya. Gora na tsotse raɓar tururi, don haka ruwa ba ya ɗiga ya jiƙa abincin. Abin da ake auna gwanintar gida da shi shi ne har gau, ƙunshin jatan lande. Ana kwaɓa fatarsa da sitacin alkama da na rogo da tafasasshen ruwa, kuku ya ɗebi ɗan curi ya danne shi da gefen faffaɗar wuƙa da aka shafa wa mai, ya murza sau ɗaya ko biyu ya zama faifai siriri. A zuba jatan lande da ɗan tohon gora da kitse, a naɗe gefe ɗaya ninki-ninki. Masu sana'ar na alfahari da ninki goma zuwa sama. Idan ya nuna, fatar kan yi garau har a hango jan naman ciki, ta kuma yi ƙarfin da tsinke zai ɗaga ta ba ta yage ba, ba ta manne wa takardar kwando ba. Jatan landen ya kamata ya yi ƙaras a baki. Wanda ya san abin, da ya ci har gau ɗaya ya san irin hannun da ke kicin.

Sauran ukun da ake haɗawa da shi a kira su sarakuna huɗu su ne siu mai da char siu bau da dan tat. Siu mai ƙunshi ne buɗaɗɗen sama mai rawayar fata, cikinsa yankakken naman alade da jatan lande, da ɗigon ƙwan ƙaguwa ko na kifi a kai. Char siu bau farin burodi ne mai laushi da ake turarawa, cikinsa gasasshen naman alade mai zaƙi, kuma alamar kyansa ita ce ya tsage a sama da kansa. Dan tat ɗan ƙoƙon fulawa ne da ake cikawa da haɗin ƙwai da sukari a gasa a tanda, gadon cuɗanya da Turawa, kuma da ɗuminsa ake cinsa.

Bayan waɗannan jerin yana da tsawo. Cheung fan ƙullun shinkafa ne da ake shimfiɗawa siriri a kan yadi a turara, a naɗe da jatan lande ko naman sa a ciki, a kwarara masa ruwan waken suya mai ɗan zaƙi. Lo mai gai shinkafa ce mai danƙo da kaza da tsiran alade, an ƙunshe a busasshen ganyen wani irin bado wanda ke ba ta ƙamshi. Wu gok dakakkiyar gwaza ce da ake soyawa har bayanta ya yi saƙa-saƙa. Akwai curin naman sa mai ƙamshin busasshen ɓawon lemo, da tumbin sa da citta, da faten shinkafa mai ruwa-ruwa da ake kira juk. Fung jau, ƙafar kaza, ta fi kowanne cin aiki: a soya ta, a tsoma a ruwan sanyi fatar ta kumbura, a dafa ta da daddawar baƙin wake da tafarnuwa da barkono, sannan a turara har ta yi luguf. Ana sa ta a baki ne a tsotse, a fitar da ƙananan ƙasusuwa a faranti. Wani binciken da hukumar kula da abinci ta Hong Kong ta fitar a 2005 ya nuna cewa nau'o'i da dama, har da wasu na turarawa, suna da yawan kitse da gishiri, ya kuma ba da shawarar a riƙa haɗawa da dafaffen ganye. Iyalai da yawa kan nemi faranti ɗaya na ganye a kowane zama.

A tebur babu rabon kowa daban. Akan ɗora kwanduna a kan faifan gilashi mai juyawa, a juya wa manya su fara. Sa wa wani abinci a kwanonsa alamar kulawa ce, kuma jika da ya ɗauko wa kakarsa abin da ta fi so ya yi abin yabo. Ba a kafa tsinkaye tsaye a cikin shinkafa, saboda ya yi kama da turaren da ake kunna wa matattu. Tun bayan annobar SARS ta 2003, wadda ta kashe mutum 299 a Hong Kong, gidaje kan ajiye tsinkayen ɗiba masu launi daban, don kada wanda ya shiga baki ya koma faranti. An hana shan taba a cikin gidajen abinci daga 1 ga Janairun 2007. Hayaniya dai tana nan: ƙarar tangaran, kiran ma'aikata, kukan yara, talabijin a bango. Mutanen Kanton na ɗaukar wannan cika da hayaniya alamar albarka, zauren da ya yi tsit kuwa abin zargi ne.

Idan an gama sai a ɗaga kati a ce maai daan. Lissafin ya ƙunshi abincin, da kuɗin shayi bisa kai, da kashi 10 cikin ɗari na hidima, wani lokaci da kuɗin gyaɗa ko ɗan abin taɓawa da aka tarar a tebur ba a nema ba. Raba lissafi tsakanin dangi ba al'ada ba ce. Akan yi jayayya, kowa na miƙa hannu, wani ya zame kamar zai je bayan gida ya biya a ɓoye. Ɗa ko 'ya mai albashi da ya kai iyayensa shan shayi ranar Lahadi ya biya, yana sauke wani nauyi ne da al'umma ta san da shi.

Kicin ɗin babban gida kashi-kashi ne: masu suya a kasko, masu gashin nama, da sashen dim sum mai shugabansa. Ma'aikatan wannan sashe kan fara aiki tun kafin asuba, a tsaye cikin tururi, kuma sai an yi shekara da shekaru kafin hannu ya faɗa. Matasa ba sa rububin shiga, ƙwararrun kuma suna tsufa. Ga haya tana matsa wa gida ya rage kicin ya ƙara tebura. Mafitar da kamfanoni masu rassa suka samu ita ce babban kicin guda a unguwar masana'antu, ko sayen daskararren dim sum daga masana'anta, a kawo da mota, reshe ya turara kawai. Hakan ya sa farashi ya yi sauƙi, ɗanɗano ya zama ɗaya a kowane reshe, amma akwai abin da sanyin firji ke kashewa. Fatar har gau kan yi kauri don ta jure daskarewa, nama kan saki ruwa, kowane ƙunshi ya fito sak ɗan'uwansa. Wannan ita ce babbar asarar da ƙaura zuwa rukunin shaguna ta jawo, domin sana'ar hannu idan ta rasa magada ba a dawo da ita da kuɗi.

Tarihin gidan Tim Ho Wan ya nuna yadda haya ke juya akalar sana'ar. Mak Kwai-pui, wanda ya yi aiki a Lung King Heen na otal ɗin Four Seasons, gidan abincin Sin na farko da ya samu taurari uku na Michelin mai tantance gidajen abinci, ya buɗe ɗan shago mai kujeru kusan 20 a unguwar Mong Kok a 2009 tare da abokin aikinsa. Cikin ɗan lokaci shagon ya samu tauraro ɗaya, ya yi suna a duniya saboda araharsa da gasasshen char siu bau ɗinsa mai ɓawon sukari. A 2013 tsadar haya ta tashe shi daga Mong Kok, ya koma rukunin shagunan Olympian City, a shekarar kuma ya buɗe reshensa na farko a waje, a Plaza Singapura na Singafo, shi ma rukunin shaguna. Daga bisani kamfanin Jollibee na Filifin ya saye shi. Tsohon Lin Heung na Hong Kong kuwa ya rufe a 2022 bayan ƙuncin annobar korona, aka sake buɗe shi a 2024.

Tsarin ya bi mutanen Kanton ƙetare. Bayan yarjejeniyar 1984 da ta tsayar da mayar da Hong Kong ga Sin, iyalai da yawa sun yi ƙaura zuwa Kanada da Ostareliya da Amurka da Ingila, kuma ba su zauna a tsofaffin unguwannin Sinawa na tsakiyar birni ba, bayan gari suka sayi gidaje. A can aka gina musu rukunin shaguna irin na gida, kamar Aberdeen Centre a Richmond kusa da Vancouver a 1990 da Pacific Mall a Markham kusa da Toronto a 1997. Ƙwararrun kuku na cikin waɗanda suka yi ƙaurar, shi ya sa dim sum na waɗannan garuruwa ya yi suna.

Ga Musulmi, ciki har da 'yan kasuwar ƙasar Hausa da ke zuwa Guangzhou sayen kaya ko halartar baje kolin Kanton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, akwai abin lura mai muhimmanci. Alade ya ratsa dim sum fiye da yadda ido ke gani. Har gau da ake kira na jatan lande galibi da kitsen alade a ciki, curin naman sa ma akan ƙara masa shi don ya yi laushi, fulawar dan tat da gwazar wu gok da shi aka saba kwaɓa su, kuma akan sa giyar shinkafa a jiƙon nama. Kwanduna da tukwane ɗaya ake amfani da su. Saboda haka zaɓen abin da ba a rubuta alade a sunansa ba ba ya wadatarwa a gidan da ba na halal ba.

Dim sum na halal akwai shi, sai dai a san inda yake. A Hong Kong sananne shi ne ɗakin cin abinci da ke hawa na biyar na Masallacin Ammar a unguwar Wan Chai, inda ake yin siu mai da sauransu da kaza da naman sa. A Guangzhou akwai gidan abincin Huimin, ba nisa da tsohon Masallacin Huaisheng, mai dafa abincin Kanton bisa ƙa'idar Musulunci. Gidajen halal da suka cika unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka ke sauka, galibinsu na Musulmin arewa maso yammacin Sin ne, masu taliya da gashin rago, abincinsu daban da na Kanton. Alamar da ake nema a ƙofa ita ce qingzhen, haruffa biyu na Sinanci da akan rubuta a koren allo, sau da yawa da rubutun Larabci a gefe. A Malesiya, inda Musulmi ne mafi rinjaye kuma akwai zuriyar Kanton da yawa, gidajen dim sum masu takardar shaidar halal sun shiga rukunin shagunan Kuala Lumpur da sauran birane, suna amfani da kaza da man girki na tsirrai a wurin alade da kitsensa.